Duna da Zanen Sabuwa

Ranar Litinin da hantsi Duna ya tsinke sarƙa ya kayar da Hapsatu a tsakar gidan Malam Datti. Kafin azahar duk garin Sara ya ji, kuma kamar kullum, waɗanda ba su gani ba su suka fi kowa sanin yadda aka yi.

Abin da ya faru bai da yawa. Hapsatu maƙwabciya ce, tsohuwa, ta shigo wa Malam da ɗumame. Kare ya zabura, ƙarfen sarƙa ya ɓalle, karen ya kama gefen zanenta ya ja, ta faɗi, haƙori ya karce ta a ƙwauri. Aka ɗora ta a babur zuwa asibitin Birnin Kudu, aka wanke ciwon, aka yi mata allura.

Duna ba karen Malam Datti ba ne. Na matarsa ne, Sabuwa, wadda ta rasu wata huɗu da suka wuce. Ita ta karɓo shi yana kwikwiyo a wurin wata Bafulatana mai kawo mata nono, irin dogayen karnukan nan masu shafaffen ciki da ke bin garke. Birai ne dalili. Gonarta a gindin dutse take, masara na fara nuna sai su sauko. Malam, wanda ya yi shekara talatin da biyar yana koyarwa a firamare, kuma babu littafin da ya shigo garin bai karanta ba, ya duba fiƙihu ya tabbatar mata cewa karen gona ya halatta. Iyakar gudummawarsa ke nan. Shekara shida bai taɓa kiran sunan karen ba.

Da aka tashi zaman makoki, kare ya dinga zagaya gida yana leƙa ɗakinta yana kuka. Malam ya jure kwana uku, sannan ya sayo sarƙa ya ɗaure shi a gindin darbejiya kusa da rumbu. Tun daga nan Duna ya sauya. Karen da kaji ke tsallake shi yana barci ya koma duk wanda ya yi sallama sai ya yaye masa haƙora.

Ranar da aka kayar da Hapsatu, bayan la'asar, mai unguwa ya zo. Alhaji Hadi ne, ajinsu ɗaya da Malam tun suna yara, kuma har yau Malam bai yafe wa duniya ba da ta ba da unguwa ga mutumin da ya maimaita aji huɗu.

"Malam Datti, mutane sun yi magana."

"Sun taɓa yin shiru ne?"

"Yau tsohuwa ce, gobe wa ya sani. Ranar kasuwa masu sayen karnuka za su zo da kejinsu. Ka ba su shi, kowa ya huta."

Dukansu sun san inda ake kai waɗannan karnuka, ba gadi ake kai su ba.

"Ka zo ne a mai unguwa ko a dillali?" Malam ya tambaya da ƙarfi. Daga cikin gida Duna ya ɗauki haushi, igiyar da aka sake ɗaure shi da ita tana ƙara.

"Ka dai ji da kunnenka," in ji Alhaji Hadi. "Saura kwana shida."

"Su zo su ɗauka. Ba nawa ba ne."

Washegari da safe ya kai wa karen abinci. Duna yana kwance a ramin da ya tona a gindin bishiya, bai tashi ba, ya danne wani abu da ƙirjinsa. Malam ya matsa, kare ya yi gurnani ƙasa-ƙasa. Amma ya riga ya gani. Yankin atamfa ne, shuɗiya mai ganye ruwan ƙwai.

Ya san ta. Shi ya sayo ta a Birnin Kudu shekarar da ya yi ritaya. Sabuwa ta ce launin na 'yan mata ne, sannan ta ɗaura ta har ta koɗe.

Ya ajiye kwanon ya nufi gidan Hapsatu. Ya same ta a kan tabarma, ƙafa a naɗe, tana ɓare gyaɗa.

"Sannu da jiki, Hapsatu."

"Ikon Allah. Malam Datti da gaida mara lafiya. A faɗa wa liman ya rubuta ranar."

"Zanen da kika ɗaura jiya."

Ta daina ɓare gyaɗar. "Na Sabuwa ne. 'Yan'uwanta suka ba ni da aka raba kayanta. Na kasa taɓa shi, sai jiya na ciro shi daga adaka. Turarenta duk yana jiki."

Malam ya zauna a kan turmi ba tare da an ce ya zauna ba.

"Ai ba cizo ya zo yi ba," ta ce. "Wutsiya yake kaɗawa, yana wani kuka kamar jariri. Da ya ɗago ya ga ba fuskarta ba ce, sai ya riƙe zanen ya ƙi saki. Ni na ja, shi ya ja."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Wa ya tambaye ni? Ni aka kayar, amma duk wanda ya zo dubiya labarin yake ba ni."

"Ke nan ba shi da laifi."

"Ban ce ba. Kare ya lalace, kuma kai ka lalata shi. Dabbar da kakanninsa ke bin shanu daga nan har inda Allah ya nufa, ka ɗaure a gindin bishiya wata huɗu. Ko kai aka yi wa haka sai ka ciji wani. Ko da yake kai ba a ɗaure ka ba ma kana yi."

Malam ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu.

"Tsaya in gama. Kullum da sassafe Sabuwa tana zagaya iyakar gona da shi. In baƙo ya zo, sai ta shimfiɗa tabarma su zauna tare, ta ba baƙon ƙanzo ya jefa masa, ta ce, 'Namu ne.' Shi ke nan, wannan mutum har abada ba zai yi masa haushi ba. Amma ba maganar yake ji ba, muryarta yake saurare. In ta yi laushi da mutum, shi ma sai ya kwanta. Kai kuwa duk wanda ya yi maka sallama kamar ya zo ƙwace maka gida. Kare yana jin ka. Ya ɗauka duk garin ɓarayi ne."

Malam yana da amsa, mai kyau ma. Ya haɗiye ta ya tashi.

Washegari bayan sallar asuba ya kwance igiyar daga bishiya ya naɗe ta a hannu. Duna ya ja shi kamar saniyar huɗa, tsoho mai shekara sittin da takwas yana tuntuɓe a kunyoyin mutane. Suna isa gona kare ya lafa. Ya bi iyaka ba tare da an nuna masa ba, daga tsamiya zuwa tulin duwatsu, daga nan ya bi ta bakin kwazazzabo. Birai sun riga sun cinye kusan kwata na masarar. Biyu suna kan dutse, Duna ya yi musu haushi sau ɗaya, suka haye sama. A gindin tsamiya ya tsaya ya zauna yana kallon wani faffaɗan dutse. Malam ya daɗe a tsaye kafin ya gane nan take hutawa. Ya zauna. Shekara shida tana zuwa nan kullum, shi yana gida da littafi.

Ƙanzo bai ba shi wahala ba. Ƙona tukunya shi ne kaɗai girkin da ya iya. Maganar ce ta gagara. Ya gwada da mai tallan kananzir, ya gwada da wani manomi a hanyar gona. "Namu ne" takan fito masa kamar yana tsawata wa ɗan aji, kare kuwa sai ya ƙara tayar da gashin wuya. Malamin dabbobi ya zo ya duba, ya ce ba mahaukacin kare ba ne. Malam ya ce masa ya san haka, ba sai an zo daga ofis ba. Duna ya yi wa malamin dabbobi haushi har bakin ƙofa.

Ranar kasuwa da hantsi babur ya tsaya a ƙofar gida, da kejin ƙarfe a baya, karnuka biyu a ciki sun yi tsit. Alhaji Hadi ya yi sallama. Hapsatu ta biyo shi tana ɗingishi, da ƙunshi a hammata.

"Na fasa," in ji Malam.

"Ba kai kaɗai ke unguwar ba, Malam Datti."

"To shigo ka gani. In ya taɓa ka, ni da kaina zan sa shi a keji."

Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya miƙa wa Alhaji Hadi ƙanzo, suka zauna. Igiyar tana hannun Malam, a sake. Duna ya tsaya taku huɗu daga gare su, kai a ƙasa, haƙora a waje.

"Namu ne," in ji Malam.

Gurnani ya ƙaru. Alhaji Hadi ya tattare babbar rigarsa. "Ko ni ban yarda ba, balle shi."

"Ka yi shiru mana!"

Kare ya yi haushi ya matso taku ɗaya. A waje mai babur ya danna ham.

Malam ya dubi hannun Alhaji Hadi da ke riƙe da ƙanzon. Hannun ya tsufa, ya yi ɗigo-ɗigo kamar nasa. Wannan hannun ne ya karɓi Sabuwa a cikin kabari ranar da Malam ya kasa shiga.

"Hadi," ya ce. Bai sa Alhaji ba, rabonsa da haka tun suna yara. "Ranar da muka kai ta asibiti, kai ka zauna da ni a kan benci tun safe har la'asar. Ba ka ce komai ba. Kai da ba ka iya shiru ba." Ya juyo ya dube shi. "Kuma kai ka shiga ka kwantar da ita. Ban ce maka na gode ba."

Alhaji Hadi ya sunkuyar da kai. "Haba Datti. Allah ya ji ƙanta."

"Amin."

Sai a lokacin suka lura tsakar gida ta yi shiru. Duna ya rufe baki, ya karkata kai yana kallon Malam.

"Namu ne, Duna," ya ce a hankali.

Alhaji Hadi ya jefa ƙanzon. Kare ya shinshina, ya ɗauka, ya gurgura, sannan ya zagaya sau biyu ya kwanta a gefen tabarma, haɓa a kan ƙafafu.

"Wannan ƙanzon wa ya yi shi?" in ji Alhaji Hadi yana share ido da hannun riga. "Gawayi ne. In kare ya ci wannan bai ciji kowa ba, to waliyyi ne."

"Ka kawo na gidanka mu gani."

"A yi masa allura. Kuma kada in gan shi a titi shi kaɗai."

"Na ji, ranka ya daɗe."

Mai unguwa ya fita ya sallami mai keji. Suka ji babur ya tashi, ƙararsa ta yi nisa.

Hapsatu ta kwance ƙunshinta. Sauran atamfar ce, a ninke, gefe ɗaya a yage. Duna ya ɗago kai, wutsiya ta bugi ƙasa, amma bai tashi ba.

"Ga shi," ta ce. "Ba zan iya ɗaura shi ba kuma. Ku raba, kai da shi."

Malam ya karɓa da hannu biyu. Ya jira sai da ɗingishinta ya fice daga zaure, sannan ya kai zanen fuskarsa. Kare ya matso ya jingina da ƙafarsa, Malam bai janye ba.