Yawon Tsoho Pyo da 'Yarsa

"Sake ni, ni ba jariri ba ne," in ji tsoho Pyo. Ya fizge hannunsa daga na 'yarsa, ya kama ƙarfen matakala.

Hyeran ta bi bayansa a hankali ko zai zame. Unguwar Gamcheon ta cika da baƙi tun hantsi. Gidajen da ke manne da dutse, wani bisa wani, duk sun sha fenti, 'yan mata sun ja layi a bakin wata katanga suna jiran ɗaukar hoto.

"Mu ma mun yi layi a nan," ya ce yana haki. "Amma layin shiga bayan gida."

Ta yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Cewa ta yi masa yawo za su fita. Ba ta gaya masa ana jiran su ƙarfe huɗu a gidan kula da tsofaffi ba. Tun rasuwar mahaifiyarta yake wurinta, kansa yana zuwa yana tafiya. A watan jiya ya ɗora tukunya a wuta ya fice, wai zai je sauke kayan jirgin ruwa, aikin da ya bari tun tana budurwa. Wuta ta ci rabin kicin, shi kuma 'yan sanda suka tsinto shi a bakin tasha da silifas. Wanta da ke Seoul ya ce ta waya, "Ke ce kusa, ki yi abin da kika ga ya dace."

Gidan da aka haife ta ya zama shagon kofi. Tsoho ya leƙa, ya daɗe yana kallon sama.

"Kaka, me za a kawo?" in ji mai shagon.

"Rufin nan yana yoyo?"

"A'a, ko kaɗan."

"To, ba gidana ba ne." Ya juya.

Suka hau bas zuwa kasuwar Jagalchi, suka zauna a rumfar wata mai gasa kifi, ƙasa jiƙe da ruwan gishiri. Matar ta dire musu faranti tana share hannu a zanen gabanta.

"Baba, ka yi dacen 'ya. Wa ke fitar da tsoho yawo ranar aiki yanzu?"

"Korar ta aka yi," ya ce da zolaya. "Ba ta da abin yi."

Matar ta kwashe da dariya. Hyeran ta sunkuyar da kai. Shi kuwa ya shiga cire ƙayar kifi da tsinkayen cin abinci, yana ɗora tsokar a kan shinkafarta. Ta ci duka.

A lambun Yongdusan suka sami benci. Tsofaffi sun yi da'ira suna buga dara, tattabaru na yawo tsakanin ƙafafunsu. Daga nan ana hango teku da jirage. Ta duba agogo.

"Ƙarfe nawa suka ce mu zo?" ya tambaya, bai dube ta ba.

"Su wa, Baba?"

"Hyeran, kaina ne ya lalace, ba kunnena ba. Ke kuma muryarki a waya irin ta uwarki ce, har maƙwabta sun ji."

Hawaye ya zubo mata. "Baba, in ba ka so, mu koma gida. Zan bar aikin."

"Ki bar aiki mu ci me, fenti?" Ya dafa gwiwarta. "Ran nan kicin ne. Gobe wutar na iya tashi kina barci. Saurara, yau kaina daidai yake, ki riƙe wannan: ni na ce ki kai ni. In na canza magana nan gaba, ba ni ba ne."

Suka zauna har aka tashi daga darar. Shi da kansa ya ɗaga wa tasi hannu.

Mota na shiga hanya barci ya ɗauke shi, kansa a kafaɗarta. Sun wuce gada, gari ya fara ƙarewa, sai ya farka a firgice yana leƙen taga.

"Wannan ba hanyar Gamcheon ba ce. Yarinya, gaya masa ya juya. Uwarki ta ɗora miya, tana can tana jiran mu."

Direba ya dube ta ta madubi, ya rage gudu.

Hyeran ta gyara wa mahaifinta wuyan riga. "Sabuwar hanya ce, Baba. Ta fi sauri."

"Haka ne?" Ya koma ya jingina. "To, madalla. Ba ta son a bar abinci ya huce."

Ta gyaɗa wa direba kai, ya ci gaba.