Faifan da Ya Kori Tsuntsaye a Gonar Maiwada

Ni na riga kowa ganin faifan nan, kuma duk wanda ya ce muku ba haka ba ne, ƙarya yake yi. Lokacin da na shiga gidan maƙwabcina Maiwada, 'yarsa Sa'adiya ta zazzage akwati a tsakar ɗaki, tsofaffin kaset da wayoyi sun cika tabarma, shi kuma yana kwance a gado yana faɗa da 'yar muryar da ta rage masa.

"A jakar kyamara na ajiye shi! Faifai ƙafa gare shi?"

"Baba, wallahi na duba jakar, babu."

Na ce, "Ku daina wahalar da kanku. Yana gona."

Sa'adiya ta ɗago kai. "Gona kuma, Baba Tijjani?"

"Yana rataye da zare a gonarku ta hanyar Ajingi, yana korar tsuntsayen jan-baki. Tun gero ya fara fitar da kai nake ganinsa yana walƙiya. Wanda ya rataye shi kuma ga shi can tsaye a bakin ƙofa kamar an dasa shi."

Mus'ab, babban ɗan gidan, mutum da mata da 'ya'ya, ya hau sosa ƙeya. Wai ya ga tarin fayafai a jaka, ya ɗauka duk na banza ne. Ai kowa a Gafasa haka yake yi da kaka: a ɗaura tsofaffin fayafai a kan kara, iska ta juya su, hasken ya tsorata tsuntsu.

Maiwada ya yunƙura zai tashi, jiki ya ƙi. "Ka ɗauki faifan windo ka ba tsuntsaye? Mus'ab, kanka ɗaya kuwa? Fita ka ɗauko mini shi kafin in ce abin da zan yi nadama!"

Bari in gaya muku ko su wane ne mu. Ni Tijjani, ban taɓa zama a aji ba, ban kuma rasa komai ba. Na ga farin da ya kashe shanun Gaya, na tsira. Amai da gudawa ta shiga unguwarmu ta kwashe sa'o'ina, ta bar ni. Mota ta kife da mu a hanyar Wudil, na fito ina kakkaɓe riga. Maiwada kuwa katanga ɗaya ta raba mu tun muna samari. Shi ne mai ɗaukar bidiyon biki na farko a yankin nan, daga Gafasa har Kademi, ni nake bin sa da batir a kafaɗa don in ci tuwon biki. Duk abin da ya ɗauka yana cikin wata tsohuwar kwamfuta mai ƙaton ƙeya da ya sayo a Kano tun Sa'adiya tana goye.

Matarsa Hanne ta rasu da daɗewa. Mace ce da ba ta yarda da kyamara ba ko kaɗan, in ta hango ta sai ta juya baya. Sau ɗaya tak ya kama ta, a wani biki a Kademi tana rabon tuwo, har ta yi masa magana. Wannan guntun bidiyon ne Maiwada ya ce sai ya ji kafin ya tafi. Ji, ba gani ba, don ciwon suga ya riga ya cinye idanunsa, haske da duhu kawai yake bambancewa. Likita ya sallamo shi ya ce a je gida a yi ta addu'a. Kwamfutar kuma, da aka kunna ta bayan shekaru a ƙarƙashin buhu, ta yi ƙugi ta tsaya a baƙin allo.

Sa'adiya ta karanci kwamfuta a Gaya, kuma ta san aikinta, ba zan ci haƙƙinta ba. Ta ce windon ciki, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, shi ne ya lalace, sai an gyara shi da faifansa na asali. Mus'ab ya ce a goge komai a sa sabo irin na yanzu mana. Ta ce masa sabon ba zai hau wannan tsohuwar ba, kuma in aka goge, da Inna za a goge. Ya ce to a kai ta Kano. Nan ne Maiwada ya buga hannu a katifa.

"An fitar da Hanne daga gidan nan sau ɗaya a makara. Ba za a sake fitar da ita a bayan mota ba. In na mutu tana Kano fa?"

Mus'ab ya dawo da faifan da zarensa. Na karɓa na duba tun kafin ya miƙa wa ƙanwarsa. Rana ta dafa shi, kashin tsuntsu ya bushe a kai, ga wani dogon karce inda ya yi ta gugar kara. Na ce, "Wannan karcen zai ci mu." Sa'adiya ta karɓe shi daga hannuna, ko kallona ba ta yi ba. Dama haka ake yi mini, sai abu ya faru a ce ashe Baba Tijjani ya faɗa.

Ta wanke shi, ta goge da gefen mayafi, ta jona kwamfutar da batirin sola, ta saka. Allon ya zama shuɗi, ya cika da rubutun Turanci. Ta ce yana tambaya ne ko a goge ko a gyara, ta ce kada kowa ya matso kusa da madannan, ta zaɓi gyara. Wani layi ya fara tafiya a hankali kamar ruwa a kwarin kunya. Muka zuba masa ido. Ya yi nisa, ya wuce rabi, sai abin ya hau gurnani, ya tsaya cak.

"Me ya faru?" in ji Maiwada. "Na ji ta canza kuka."

"Ta ce ta kasa kwafe wani fayil, Baba. Bari in sake gwadawa."

Ta danna, ya tsaya a wurin. Ta sake dannawa, nan dai. Ta fito da faifan ta shafa masa makilin, wai yana cike ƙananan karce, ta goge, ta hura, ta mayar, aka faro daga farko. Layin ya zo daidai inda ya tsaya ɗazu, ya sake tsayawa, kamar jakin da ya san ramin da ya taɓa faɗawa. Mus'ab ya hau babur ya tafi Ajingi neman wani faifan wurin masu shagon kwamfuta. Dariya suka yi masa, wai irin wannan windon tun yaushe aka daina ganinsa.

Haka aka wuni, aka sake wuni. Maiwada yana ƙara sauka, ko kunu ya daina wucewa. Masu dubiya suna shigowa suna taɓe baki, har wani ɗan'uwansu daga Kademi ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Mutum yana wannan hali, maimakon salati sai zancen bidiyo?"

Na miƙe zan ba shi amsa, Maiwada ya riga ni. "Kalmar shahada tana bakina tun kafin a yanke maka cibiya. Matata nake son ji. In ya dame ka, ga hanya."

Wallahi na ji daɗin wannan magana har cikin ƙashina.

Da hantsi a rana ta ƙarshe, numfashinsa ya canza. Ni na fara ji, don na zauna a kan masu tafiya da yawa, na san wannan sautin. Na ja Sa'adiya gefe na ce, "'Yata, abin da za ki yi, yi shi yanzu."

Ta durƙusa a gefen gado. "Baba, saura hanya ɗaya. Tana ba ni zaɓin in tsallake fayil ɗin nan a ci gaba. Amma ban san na mene ne ba, sunansa wasu haruffa ne kawai. Zai iya zama ba komai, zai iya zama wani abu."

"Tsallake."

Ta danna. Layin ya yi tsalle ya wuce, ya tafi har ƙarshe. Kwamfutar ta mutu ta tashi da kanta, ta yi ta tambayoyi, Sa'adiya tana amsawa. Can sai allon ya buɗe. Mus'ab ya yi kabbara. Ta nemo bikin Kademi ta kunna.

Ga Hanne. Ga ta nan da zanenta mai ruwan ganye, tsugune gaban tukunya, mara a hannu, tururi yana tashi. Ta ɗago ta hango kyamara, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, tana dariya, bakinta yana motsi.

Shiru. Ko ƙis.

"Ku ƙaro murya," in ji Maiwada.

Sa'adiya ta murɗa sifika har ƙarshe. Ta cire waya ta mayar. Ta shiga nan ta fita can, sannan ta dafe baki, hawaye suka zubo. Fayil ɗin da aka tsallake na sauti ne. A duk faɗin faifan nan, karan gero bai sami inda zai karce ba sai wurin murya. Na dubi Mus'ab, na ji kamar in ɗauki sandata in rafka masa, ya sulale ya zauna a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa.

"Na ce ku ƙaro murya! Kurame ne ku? Tana nan ko ba ta nan?"

"Tana nan, Baba, amma..."

Ban bari ta ƙarasa ba. Ni ne na riƙe batir ranar bikin nan, ina tsaye a bayan kafaɗarsa. Na ce ta mayar da shi farko. Na matsa kusa da kunnensa, na jira Hanne ta ja mayafi, na siranta murya na ce, "Malam, kau da idon ƙarfen nan daga kaina, tuwon mutane zai huce."

Maiwada ya juyo da fuska wajena.

"Tijjani. Allah ya isa tsakanina da kai. Yaushe Hanne ta yi muryar tsohon bunsuru?"

"Muryar da nake da ita ke nan. In ba ka so in yi shiru."

Ya ɗan jima yana jan numfashi. "Me ta ce bayan nan?"

"Ta ce, in ba ka da aikin yi, zo ka riƙe mini mara."

Gefen bakinsa ya motsa. "Haka ta ce. Haka ta ce wallahi." Ya lalubo hannuna ya riƙe. "Sake."

Sa'adiya ta mayar, na sake. Ta mayar, na sake, har muryata ta dashe, shi kuma ya daina zagina. Da aka yi la'asar ya yi shahada da kansa, ba wanda ya laƙƙana masa, ya cika yana riƙe da hannuna. Kafin magariba mun kai shi makwancinsa, kusa da inda aka sa Hanne.

Yanzu ina jin wasu a majalisar bakin masallaci suna cewa wai Tijjani ƙirƙirar maganar ya yi don ya lallashi mai mutuwa, wai wa zai tuna zancen rabon tuwo na shekaru aru-aru. Mutanen da ba sa tuna abin da suka ci jiya! Sa'adiya ta ce in ta shiga Kano za ta nemo abin sautin, na ce ta nemo, ba na tsoro. Amma ba sai an jira ta ba. Kwamfutar tana nan a ɗakin Maiwada, an lulluɓe ta da zanen gadonsa, faifan kuma yana rataye a ƙusa da zarensa, yana ƙamshin makilin. Duk mai tantama ya zo Gafasa da hantsi, lokacin da sola ta cika batir. Zan sa a kunna masa. Ya zauna a tabarma ya zuba wa bakin Hanne ido, tana jan mayafi tana dariya cikin tururin tuwo, sannan ya dube ni ya ce ba haka ta faɗa ba.