Watan da Manaja Ta Rufe Ita Kaɗai

"Ba nan ba. Na ce miki ba nan ba, Manaja. Wannan gurbin na haraji ne, kin zuba wa mutum awowin obataim, na ƙarin aiki, a ciki."

Manaja ta ɗauke hannu daga kan kwamfutar ta ɗora a cinya. Karo na uku ke nan tun bayan la'asar. Baba Akawu yana kishingiɗe a kujerarsa ta gefen taga, matashi biyu a bayansa, tabarau ya zamo har kan karan hanci, yana nuna allon kwamfutar da murfin biro kamar mai nuna ɓarawo a kasuwa.

"To sai in cire in mayar inda ya dace."

"Goge."

"Duka?"

"Duka. Wanda ya gyara kuskure bai san ta inda ya shigo ba, gobe ma ta nan zai shigo masa."

Ta haɗiye tsakin da ya taso mata. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da nasa, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan yana yi mata albashin ma'aikatan shagonta na wanki da guga, mutum tara. Shi ya laƙaba mata Manaja tun tana da injin wanki ɗaya da dutsen guga biyu, sunan ya bi ta har mijinta ma da shi yake kiranta. Da babban littafi ya fara. Da ya cika saba'in ya sayi kwamfuta, ya zauna wata biyu yana faɗa da manhajar lissafi har ya ci galabarta. Ita nata aikin bai wuce ta sa hannu a ƙarshen wata ba. Sai ga shi a farkon watan nan ya aiko Mama, matarsa, wai daga yau kullum Manaja ta zo ƙarfe huɗu, za ta koyi yin albashi da kanta.

"Baba, ni fa ban ce na gaji da kai ba," in ji ta tana goge layukan ɗaya bayan ɗaya. "In abin da nake bayarwa ne bai isa ba, ka faɗa a ƙara."

"Ki riƙe kuɗinki ki sayi sabulu. Sa sunan farko."

Wayarta ta yi ƙara. Daga shago ne: injin busarwa ya tsaya, ga kuma wata mata tana ta ruwan masifa wai an ƙona mata mayafi. Kafin Manaja ta gama cewa a ba matar haƙuri, tsohon ya miƙo hannu. Ta ɗauka gaisawa zai yi da yaran, ta ba shi. Ya kashe wayar ya tura ƙarƙashin matashi, ya jingina a kai.

"Baba!"

"Mayafi ya riga ya ƙone. Albashi bai ƙone ba tukuna."

Mama ta shigo da kofin ruwa da ƙwayoyi uku a tafin hannu. "Ka bar yarinyar nan ta huta mana, tun safe take tsaye."

"Yarinya mai jika biyu?" Ya watsa ƙwayoyin a baki, ya yi tari mai tsawo, ya jira numfashinsa ya dawo. "Duba nan, Manaja. Na sama shi ne abin da kika yi wa mutum alkawari. A nan ake cire haraji, a nan fansho. Na ƙasa shi ne abin da zai shiga hannunsa. Ke na sama kike kallo, shi na ƙasa yake kallo, don shi zai kai gida. In ya ragu da ko sisi bai san dalili ba, ba zai ce miki komai ba, amma a kan rigunan mutane zai huce."

Haka aka yi mako uku. Ta koyi shigar da sabon ma'aikaci, ta koyi inda ake sa ranakun da mutum bai zo ba, ta koyi fitar da takardar albashi. Amma ba ta taɓa yin abu ya ce ya yi ba. In ta yi sauri ya ce gaggawa aikin shaiɗan, in ta yi a hankali ya ce ko barci take. Rannan ta rubuta sunan direba sau biyu, ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, wai ashe tagwaye ne ke tuƙa mata mota. Can ƙasan allon kuma akwai wani jan maɓalli mai rubutu, "Rufe wata". Da kibiyarta ta matsa kusa da shi, murfin biro ya sauka a bayan hannunta.

"Wannan in kika danna, bakin alƙalami ya bushe. Ba a taɓa shi sai jimlar kwamfuta da jimlar takardarki sun zama ɗaya."

"To me amfanin kwamfutar in sai na sake lissafi a takarda?"

"Ita ba ta ƙarya. Amma duk ƙaryar da kika gaya mata, yarda take yi."

A gida mijinta ya samu abin tsokana. Da ta shigo sai ya ce, "'Yan makaranta an taso? Yau bulala nawa?" Ita kuwa ta rantse masa da an yi albashin watan nan ta daina, ta nemi wani yaro mai takarda ta biya shi, tsoho ya ji da rigimarsa.

Ranar Litinin, ashirin da bakwai ga wata, ta ji tashin mota a ƙofar maƙwabtan da sassafe. Mama ta leƙo ta ce ƙirjin ne ya ɗan matsa, za a duba shi, kwana ɗaya ne. Gaskiyar magana, abin da ya fara zuwa ran Manaja shi ne yau babu karatu.

Ashe ba ta tsira ba. Ran Talata ya kira ta sau huɗu daga gadon asibiti. Na biyar ya same ta a durƙushe bayan injin wanki, bakanike ya kwance bututu, ruwan kumfa ya malale har ƙarƙashin kantar karɓar kaya, tana riƙe da gefen zanenta da hannu ɗaya.

"Manaja." Muryar ta yi siriri, sai ta toshe ɗaya kunnen kafin ta ji. "Sabuwar yarinyar nan ta kanta. Ba da farkon wata ta fara ba."

"Na sani, Baba."

"Kin sani, ita kwamfutar ta sani?"

"Baba, don girman Allah ka kwanta ka huta, ka bar ni in ji da abin da ke gabana. In ka fito ka yi abinka da kanka. Ni na haƙura da karatun nan, kaina ba zai ɗauka ba."

Tana jin wani abu yana ƙara a kusa da shi, tit, tit, tit.

"To, Manaja. Amma dai ki duba ranar."

Ita ta fara kashe wayar.

Da safiyar Laraba tana shanya tawul a tsakar gida ta ji kuka daga bayan katanga. Ba kukan yara ba ne. Ta tsaya da tawul ɗin a hannu har ruwansa ya jiƙa mata ƙafa.

Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Da yamma, mata sun cika falon, an ɗauke kujerarsa an jingina a bango don a samu wuri, Mama ta jawo hannunta zuwa ɗaki ta tura ƙofa.

"Wata uku ke nan da likita ya gaya masa ciwon ba na tashi ba ne," in ji Mama. Idonta a bushe yake, muryar ce ta dusashe. "Ya hana a faɗa miki."

"Don me?"

"Wai in kin sani, tausayi za ki riƙa zuwa yi ba karatu ba. Ki riƙa cewa to, to, alhali ba ki gane ba. Ya ce gara ki ji haushinsa."

Manaja ta zauna a bakin gado. Ta ɗauka kuka za ta yi, sai ta ji haushi ya taso mata tare da baƙin cikin. Wato yana kallonta tana kumbure-kumbure, tana duba agogo, ya san abin da ya sani, ya yi gum. Ya bar ta ta gaya masa abin da ta gaya masa jiya. Wane irin taurin kai ne wannan?

"Bai kyauta min ba, Mama."

"Shekara hamsin ina gaya masa haka," in ji Mama. Ta jawo jakar kwamfutar daga ƙarƙashin gado ta ɗora mata a cinya. "Ya ce in tuna miki, gobe kafin sha biyu banki ke daina karɓa."

In sha biyun Alhamis ta wuce, sai Litinin kuɗi zai shiga. A shekara goma sha ɗaya, ko sau ɗaya albashin shagon bai taɓa kwana ba.

Ofishinta wani ɗan lungu ne a bayan shago, tebur ɗaya, fanka mai ƙugi, jarkokin sabulun ruwa jere a bango. Ƙarfe takwas ta buɗe kwamfutar. Tururin guga yana shigowa ta saman ƙofa, injuna suna jijjiga ƙasa. Ta bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, ta zuba obataim ɗin direba, ta cire wa mai gadi kwana ɗaya da bai zo ba, ta duba haraji, ta duba fansho. Sannan ta ɗauki biro ta yi nata lissafin a takarda. Jimla biyun suka ƙi haɗuwa. Ta kwamfuta ta fi.

Ta sake tarawa. Haka dai.

"Ka gani ko?" ta ce da ƙarfi, ba kowa a ɗakin. "Ka ga abin da ka jawo min? Kai ka tafi ka huta, ka bar ni da wannan shegiyar aba."

Goma da minti arba'in aka ƙwanƙwasa. Dogo ne, babban mai gugarta, wanda ya fi kowa daɗewa a shagon, ya sunkuyo da kai ta ƙofa, gumi na bin wuyansa.

"Anti, mun yi magana da yara. In abin ba zai yiwu yau ba, za mu jira Litinin. Kowa ya san halin da ake ciki."

Ta san abin da ke tukunyar gidan Dogo ba zai kai Litinin ba, yara biyar gare shi.

"Wa ya ce maka ba zai yiwu ba? Ja min ƙofa."

Ta kalli jan maɓallin. Bambancin ba wani mai yawa ba ne. Ta danna kawai a wuce wurin, wa zai sani? Ta kai kibiya kansa, ta ji bayan hannunta ya yi wani iri. Ta yi tsaki mai tsawo, ta goge komai, ta fara daga sunan farko.

A suna na tara ta gani. Sabuwar yarinyar kanta ranar goma sha ɗaya ta fara aiki, amma a gurbin ranar farawa 1 ne kawai a zaune, ba 11 ba. Yatsanta bai danna na biyun ba tun ranar da ta shigar da ita, kwamfutar kuwa ta yarda, ta biya yarinya wata cikakke. Ta ƙara ɗayan. Jimlar ta motsa, ta zauna daidai kan ta takarda, har sisin ƙarshe.

Sha ɗaya da minti talatin da takwas ta rufe watan, ta aika wa banki.

Wajen ƙarfe biyu wayoyi suka fara ƙarar saƙon banki a shago, ta direba, ta mai gadi, ta Dogo. Ba wanda ya yi murna da ƙarfi. Ta fito ta raba musu takardun albashi, kowa ya duba layin ƙasa ya ninke ya sa a aljihu. Yarinyar kanta ta daɗe tana kallon tata, Manaja ta tsaya ta nuna mata: ga ranar da kika fara, ga kwanakin, ga abin da aka cire, ga dalili. Sai da ta gama ta lura da murfin biro take nunawa. Ta jefa shi cikin aljihun tebur.

Da ƙarfe huɗu ta yi ta tsinci kanta ta rataya jaka, tana shirya abin da za ta gaya masa: ɗaya tak, saboda ɗaya tak ka hana ni sakat. Ta kai bakin ƙofar shago ta tsaya. Ta dawo ta ajiye jakar, ta ce wa yaran wa ya bar bokiti a hanya.

Bayan mako guda Mama ta aiko da ƙunshin kayan Baba Akawu, a wanke a goge kafin a bayar sadaka. Riguna biyar ne farare, wuyansu ya ɗan cinye, da wando uku. Yarinyar kanta ta jawo littafin rasit.

"Anti, wace lamba zan sa musu?"

"Kar ki sa."

Dogo bai bar kowa ya taɓa su ba. Da yamma ya goge su a hankali, ya tsayar da karin hannu yadda mai su yake so, ya rataye a ƙarshen layi. Manaja tana rufe tagogi ta hango su. Duk kayan da ke layin da 'yar takarda maƙale a wuya, ban da fararen nan biyar, suna ɗan motsi a iskar fanka, ɗumin guga bai gama fita daga jikinsu ba.