Turmin Dijatu a Bene

Turmin ya kai matakala ta bakwai ya cije. Dijatu ta tura ya ƙi, ta ja ya ƙi, sai ta zauna a kansa tana haki, tana tsine wa wanda ya zana benen nan a zuciyarta.

Shekara ashirin tana dakan fura a bakin babban titin Filinge, a tsakar gidan da mijinta ya mutu ya bar mata. Da ma'aikatar magajin gari ta tashi gyaran titi, aka rushe layin, aka tsayar da dogon gini, shaguna a ƙasa, ɗakunan kwana a sama. Aka ba ta ɗaki biyu da tayil da famfo. An tuna da komai, har wurin shanya, amma an manta mutanen nan ƙasar Kurfai gero suke ci.

Ita kuwa ta kafa turminta a falo. A ƙarƙashinta Abdurrazak ne, mai sayar da tangaran da kofunan gilashi. Duk saukar taɓarya sai kayansa su ɗauki rawa, ranar Litinin har faranti shida suka diro daga kantar shagonsa. Ya kai ƙara, aka kawo mata takarda mai hatimi: in aka sake jin daka, ta ba da makulli.

Kwana huɗu ke nan ba ta daka ba. Ta gwada kai gero inji, Sa'adatu mai kawo mata nono ta ɗanɗana furar ta ce warin man gazuwal take. Ranar nan Dijatu ta yi kuka sosai, don ba ta san wata sana'a ba. Yau ta yanke shawarar aika turmin zuwa garin Tabla wurin ƙanwarta, ta haƙura.

Sai ga Abdurrazak a gindin matakala, da wani saurayi mai farar riga riƙe da naɗin takarda.

"Inna, ina za ki da shi?"

"Inda ba a kai shi ƙara."

"Don Allah a maishe shi bisa."

Ta ƙare masa kallo. "Kai na, ko wani mai kama da kai?"

Ya sosa ƙeya. "Inna, kwana huɗu ko cokali ban saida ba. Ashe masu jiran hura su ka shiga shagona shan inuwa, su hita da kohi. Direbobin Baleyara ma, da ba su ga taro ba, wucewa sunka yi."

Saurayin ya rusuna ya gaishe ta. Ya ce sunansa Yazid, daga Yamai aka turo shi duba ƙorafi, kuma shi ya zana ginin.

"Ashe kai na," in ji Dijatu. "Ɗana, gidanku ba a daka?"

"Ana yi, Inna. Tsohuwata na Sanam, kullum sai ta yi."

"To ina ka aje mata turmi cikin takardarka?"

Yazid ya warware zanen, ya duba sama, ya duba ƙasa, kunya ta rufe shi. Can ya ɗora yatsa a kan wani fili da ke gaban shaguna, ya ce nan furanni aka shuka.

"Awaki sun gode," in ji ta. "Kwana ukku sunka yi suna biki."

Ya zaro biro ya soke furanni, ya rubuta turmi, ya karɓi takardar mai hatimi ya ce shi zai mayar da ita da kansa. Saura sauko da turmin. Suka kama, ya ƙi, domin kwanar matakalar ta yi masa kaɗan.

"Ƙaƙa anka hau da shi?" Yazid ya tambaya, gumi na zuba.

"Da igiya, ta taga. Wanda ya zana matakalar bai taɓa ɗaukar abin da ya hi takarda ba."

Haka suka mayar da shi sama, suka zuro shi ta taga, masu wucewa suna ba da shawara kyauta. Kafin ya taɓa ƙasa farar rigar Yazid ta koma ruwan kunu.

Dijatu ta zuba gero, ta yi bismilla, ta ɗaga taɓarya. Da bugun farko Abdurrazak ya zabura ya faɗa shago, ya rungume kantar kayansa da hannu biyu, ya runtse ido. Ko kofi ɗaya bai motsa ba. Yana nan a rungume da ita har wani direba ya leƙo ya tambaye shi nawa faranti.