Wayar da Babu Ja a Cikinta

Injin ƙyanƙyasar da ke ɗakin Rekiya Ummaru a Dutsin-Ma yanzu batir ke riƙe da shi, kwamfuta kuma tana nuna zafinsa yadda ta saba. Sai dai kafin a kai ga haka, ƙwan zabin da ke ciki sun yi yinin Laraba guda ba ɗumi.

Yayanta Rabo ne ya haɗa injin: tsohon firiji, ƙwan fitila biyu da ke cin wutar sola, da wani ɗan allo mai ƙwaƙwalwa, bai fi kwalin ashana ba, wanda ke kunna fitilun yana kashe su gwargwadon zafi. Allon ba shi da fuska. Sai an jona shi da kwamfuta ta wayar USB ake ganin lambobi, kuma ta wayar yake shan wuta. Rabo ya taɓa gwada ƙara masa batir, wutar biyu suka yi karo, kafar USB ɗaya ta kwamfutar ta ƙone. Saura ɗaya.

Da damina ta kankama, Rabo ya cika firijin da ƙwan da ya sayo a kasuwar Kurfi, sannan ciwon mahaifinsu ya mai da shi gona a Ɗantutture. Gidan ya rage daga Rekiya sai injin. Tana koyarwa a firamare. In aka ɗauke wuta, kwamfutar takan mutu kafin a tashi makaranta, allon ya bi ta, fitilun su bi allon. Ta fara gudowa gida lokacin hutun tara don ta duba.

Ɗantutture ba sabis sosai. Saƙon muryar Rabo ya iso bayan kwanaki, iska na kaɗawa a bayansa.

"Auta, ki sa a liƙa wa allon wayar batir da dalma. Sannan ki feɗe ta USB ɗin, ki yanke ja kaɗai. Baƙar kada ki taɓa ta."

Ta feɗe da reza. Babu ja, babu baƙa. Shuɗiya ce, da ruwan ɗorawa, da masu ruwan toka biyu. Ta kira shi, ba ta shiga ba. Ta daɗe zaune a bakin katifa da wayar da ta feɗe a cinyarta. Babu wanda za ta tambaya a unguwar. Maƙwabta sun ɗauka firijin na sayar da ƙanƙara ne.

Ranar Laraba ta lulluɓe ƙwan da bargo, ta cire allon da wayarsa, ta tafi wurin Bilya mai gyaran waya a bakin tasha.

"Malama, wa ya sayar miki da wannan? Ko akuya ba a ɗaurewa da ita."

"Ta yayana ce. Wacce ke ɗauke da wuta?"

"Mita ce za ta faɗa, ba ni ba. Amma dalma sai an kawo wuta, janareta ba mai."

"Ƙwai na bari, Malam Bilya."

"To a soya mana, mu ma mu shaida."

Ba ta yi dariya ba. Ta zauna a benci har bayan la'asar. Da wuta ta zo, mita ta nuna shuɗiyar. Bilya ya yanke ta, ya naɗe bakin, ya liƙa wayar batir.

A gida ta jona batir tukuna, sannan kwamfuta. Babu ƙauri. Lambobi suka fito, ƙasa ƙwarai da inda ya kamata. Ta zare kwamfutar, fitilun suka ci gaba da ci. Ta taɓa ƙwai ɗaya da bayan hannu, ta ji shi kamar dutsen rafi.

Ba ta gaya wa Rabo wannan ba; ta dai tura masa cewa injin ya gyaru. A lissafinsa, tun shekaranjiya ya kamata a fara jin kukan 'yan zabi. Har zuwa safiyar yau, ko ƙwai ɗaya bai tsage ba.