Kofin Kawu Tanus

Kawu Tanus ya ce a duk ƙauyukan Zahle babu harshe irin nasa: kurɓi ɗaya na arak, zai gaya maka gonar da aka tsinko inabin da kuma hannun da ya dafa giyar. Ya ce likitoci ma karatu kawai gare su. Wata takwas ke nan da aka sallamo shi daga asibiti, bayan kumburin pankiriyas, can cikin cikinsa, ya sa shi birgima a ƙasa yana kiran uwarsa da ta rasu tun ina goye. Likita ta ce ko ɗigon giya ya ƙara sha, ciwon zai dawo, kuma ba lallai ya fito da ƙafarsa ba.

Kullum da rana matarsa, Inna Wadi'a, takan haɗo masa kofi ɗaya daga kicin, fari tas yadda arak yake idan an sirka shi da ruwa, yana ƙamshin yansun, ƙwayar da ke ba arak ƙamshinsa. Ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ce, "Na mahaifina ne, tsohuwar ajiya."

Ranar Lahadi gwajin jininsa ya fito lafiya lau, aka yi liyafa a ƙarƙashin rumfar inabi. Ga tabbula, kwaɗon ganyen nan, ga gasasshen nama, ana ta kiɗa da tafi. Sai maƙwabcinmu Jirjis ya dire tulun arak a kan tebur.

"Na bana ne, mai gida. Ko Wadi'a ta hana?"

"Ni za a hana? Wata takwas ina sha kullum, dubi takardar likita! Zuba, kai dai, tsohon banza."

Jirjis ya zuba. Kawu ya miƙa hannu, Inna ta riga shi ɗauke kofin.

"Tanus, wannan ba naka ba ne. Ga naka can."

"Mene ne bambancinsu, mace?"

"Kai ne mai harshe, ai kai za ka gaya mana."

Duk muka juya wajen kofin nasa na kullum. Kyanwar gidan ta haye tebur, ta tsoma kai a ciki tana lasa hankali kwance.

Jirjis ya ce, "Yau na ga kyanwa mashayiya."

Inna ta ce, "Ruwan yansun ne da cokali biyu na madara. Tun ranar da ka dawo gida shi kake sha, kana cewa na mahaifinka ne."