Ranar da Gwaggo Ta Warke

A shagon Mai Hoto akwai wata kwamfuta da kowa ke kira Gwaggo. Halinta ne ya jawo mata sunan: ba ta tashi sai ta ga dama, in ta tashi kuma ta yi ta gunaguni. Ƙatuwar akwati ce da farinta ya koma ruwan ƙasa, tana zaune a kan tebur kusa da injin buga hoto. In aka danna maɓallinta da safe, mutum na iya share shago, ya goge madubi, ya rataye shuɗin labulen da ake ɗaukar hoto a gabansa, ya dawo ya tarar tana nan tana shawara da kanta.

Tayar da ita aikin Baba ne, mahaifin Mai Hoto, tsohon direban babbar mota. Asalin abin, wata rana can baya Gwaggo ta ƙi tashi, Baba ya biyo ta shagon, ya kwaɗa mata mari a gefen hagu, sai ta kama. Mai Hoto, don ya faranta wa tsoho rai, ya ce, "Baba, ai sai hannunka." Shi ke nan, magana ta zama doka. Tun daga ranar kullum da sassafe sai ga Baba. Ya yaye zanen da ake rufe ta da shi, ya hura mata iska ta wajen fanka, ya danna, ya kara kunne, ya yi marin, sannan ya ce a bar ta ta yi zafi. Yana jira yana shan shayi, yana gyara wa masu ɗaukar hoto wuyan riga ko sun so ko ba su so ba.

Mai Hoto ya san marin nan ba ya ƙara komai. Amma tun da mahaifiyarsu ta rasu yake tsoron tsohon ya zauna shi kaɗai a gida yana kallon bango, don haka ya riƙe Gwaggo da ciwonta kamar wata dukiya.

Ƙanwar matarsa ce ta ɓata lissafi. Gyaran kwamfuta take yi, kuma irin mutanen nan ce da ba sa iya ganin abu a karkace su wuce. Ta zo a yi mata hoton fasfo, ta jira Gwaggo har kwalliyarta ta fara narkewa.

"Yaya, wannan ba kwamfuta ba ce, jarabawa ce," ta ce.

"Tsohuwar zuma ce, da ita ake magani."

"To maganin ya kusa kashe masu jinya."

Washegari da rana, Baba ya koma gida, Mai Hoto ya fita sayo tawada, ta lallaɓo da jakarta. Ko da ya dawo, cikin Gwaggo a buɗe yake. Ta nuna masa tsohon faifan da ke juyawa yana ƙara, mai nauyi kamar bulo, sannan ta nuna masa sabon, ɗan siriri mara motsi, wanda ta ce sunansa es-es-di. Wayar Gwaggo faffaɗa ce irin ta da, bakinta bai dace da na sabon ba, sai da ta sa ɗan mahaɗi a tsakani. Ta kwashe duk abin da ke cikin tsohon ta zuba a sabon, ta shiga wani shuɗin allo ta gaya wa Gwaggo daga ina za ta riƙa tashi. Da ta rasa inda za ta ɗaure sabon faifan, sai ta manne shi da salatif. Mai Hoto ya yi godiya, don kyauta ce, kuma bai san me ke tafe ba.

Da safe Baba ya yaye zane, ya hura iska, ya danna. Ya ɗaga hannu ke nan zai yi marin, sai allo ya haske tar, komai ya fito yana jiran aiki. Babu gunaguni, babu tari. Hannun Baba ya tsaya a sama. Ya dubi hannun, ya dubi Gwaggo, ya sauke shi a hankali ya sa a aljihu.

"Ta warke ke nan," ya ce.

Ko shayin bai shanye ba ya tafi. Washegari bai zo ba, rana ta biyu ma haka. Mai Hoto ya kira shi a waya, Baba ya ce lafiya lau, ya kashe da sauri. Hankalin Mai Hoto ya tashi. Yana hango tsohon a zaune bakin gado, an raba shi da abu ɗaya da ya rage masa. Shagon ma ya yi masa faɗi. Mutane suna ta fita da hotuna da wuyan riga a karkace.

Ya sami ƙanwar matarsa a wurin aikinta. "Ki mayar mata da ciwonta," ya ce.

"Yaya, mutane na kawo min mara lafiya in warkar. Kai ne na farko da ya kawo mai lafiya in kwantar."

Ya yi mata bayani. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce tsohon faifan dai ba zai koma ba, ko don mutuncin sana'arta. Amma ta saita Gwaggo yadda in an kunna za ta tsaya a baƙin allo, ba za ta wuce ba sai an danna wani maɓalli. Ta haɗa wani allon maɓallan rubutu na biyu mai doguwar waya, suka bi da wayar ta gindin bango, ta bayan shuɗin labule, har ƙarƙashin kantar da Mai Hoto ke tsayawa. Abin da ya rage kawai, in Baba ya yi mari, shi kuma ya danna da babban yatsan ƙafa. Sun gwada abin har ya iya.

Ya kira Baba da muryar tashin hankali. "Gwaggo ta koma gidan jiya. Sai hannunka."

Baba ya yi ajiyar zuciya ya ce ga shi nan.

Mai Hoto ya shirya ganin tsoho a rame. Sai ga Baba ya shigo da farin takalmin kambas sabo fil da wandon motsa jiki, da gorar ruwa a hannu, fuska tana sheƙi. Bai ko zauna ba. Ya hura iska, ya danna, ya kara kunne. Mai Hoto ya zare takalmi a ɓoye, ya ɗora yatsa, yana jiran mari.

Marin bai zo ba. Baba ya tsaya yana kallon bayan Gwaggo.

"Motar da ta sake mutuwa bayan gyara ba a dukanta," ya ce. "Waya ake bi. Wannan wayar ban san ta ba."

"Ta fanka ce, Baba."

"Fanka a ƙasa?"

Ya durƙusa, abin da Mai Hoto ya daɗe bai ga ya yi ba, ya kama wayar yana binta. Ya bi gindin bango. Ya shige bayan labule, labulen yana ta motsi. Mai Hoto ya so ya janye ƙafa, amma tsoro ya sa ta sandare. Baba ya ɓullo ta ƙarƙashin kanta, hancinsa ya kusa taɓa babban yatsan ɗansa, wanda ke tsaye a kan maɓalli yana rawa. Yatsan ya zame ya danna. Can a kan tebur Gwaggo ta haske tar.

Baba ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa. Ya daɗe yana kallon ƙafar.

"Sa takalminka tukuna, ba na magana da yatsa."

Mai Hoto ya laluba da ƙafa bai samu ba, ya tsaya haka.

"Shekara da shekaru ina hana kaina barcin safe," in ji Baba. "Abokaina suna zagaya fili suna miƙe ƙafa, suna kirana, ina cewa ɗana na da wata na'ura da ta fi ƙarfinsa. Ina rufa maka asiri, ban taɓa gaya musu kunnawa ce ba ka iya ba. Ranar da ta warke na ce Allah ya yanke min wahala."

"Ni na ɗauka kai ke son zuwa. Na ce kar ka zauna kai kaɗai."

"Ni ka gani ni kaɗai?"

Kunya ta rufe Mai Hoto, kuma a ƙarƙashin kunyar ya gane abin da ya ƙi ganewa duk kwanakin nan, cewa shi ne ke kewar tsohon. Ya fito fili ya faɗa, da ƙafa ɗaya ba takalmi.

"Shagon ba daɗi in ba ka nan, Baba."

Baba ya ɗan yi laushi, amma kaɗan. Ya miƙa hannu ya gyara wa ɗansa wuyan riga, ya ɗauki gorar ruwansa.

"To ka faɗi haka mana, ba sai ka nakasa baiwar Allah ba. Da safe dai ba ni da lokaci yanzu." Ya kai bakin ƙofa ya juyo. "Hanyar da ke kawo ni nan kullum, ita ce ke kai mutum gidana. Ban taɓa jin an ce ta gefe ɗaya ake binta ba."

Ya fita da sauri don ya cim ma abokansa. Mai Hoto ya tsaya yana ƙoƙarin tuna ranar ƙarshe da ya taka gidan mahaifinsa ba tare da an aiko kiransa ba, ya yi ta tunani bai samo ta ba.